Yadda za ka kalli tseren IMSA ka gane wa ke gaban wa

Wanda ya fara kallon gasar IMSA WeatherTech SportsCar Championship ta Amurka yakan ruɗe tun a minti goman farko. Ga motoci wajen sittin a kan hanya ɗaya, wata ta zo ta wuce wata kamar a tsaye ta same ta, mai sharhi kuma ko muryarsa bai ɗaga ba. Can sai a hasko wasu biyu a tsakiyar ayari sun haɗa ƙofa da ƙofa, ka ji ana ta kururuwa a kansu. Dalili shi ne ba tsere ɗaya kake kallo ba, huɗu ne ake yi lokaci guda, kowane da kofinsa da makinsa. Aikin farko shi ne ka iya raba motocin rukuni-rukuni da ido, sauran abubuwan duk a kan wannan suke hawa.

Tarihin da zai taimake ka

John Bishop da matarsa Peggy ne suka kafa IMSA, hukumar da ke shirya gasar, a 1969, da goyon bayan Bill France, mutumin da ya kafa NASCAR. Gasar motocin GT, wato motocin titi da aka gyara don tsere, ta fara a 1971, sannan a 1981 aka buɗe rukunin GTP na farko, inda Porsche 962 da Jaguar da Nissan suka yi zamaninsu, kafin Toyota Eagle MkIII ta tawagar Dan Gurney ta zo ta mamaye komai. Kuɗin da ake kashewa ya fi ƙarfin kowa, kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya, rukunin ya mutu a ƙarshen 1993. Riƙe wannan a ranka, domin kusan kowace doka ta yau an rubuta ta ne don kada a sake faɗawa wannan rami.

Daga baya gida ya rabu biyu. Don Panoz ya kafa American Le Mans Series a 1999 bisa dokokin tseren Le Mans na Faransa, tana riƙe da tseren Sebring da na Petit Le Mans. Gasar Grand-Am kuma ta fara a 2000, tana riƙe da tseren Daytona. A Satumban 2012 aka sanar da haɗewarsu, aka yi kakar farko ta haɗaka a 2014, sunan WeatherTech ya hau kanta a 2016. Idan kana duba tsofaffin sakamako za ka ci karo da sunayen rukunan da babu su yanzu: DPi, wanda ya riƙe saman gasar daga 2017 zuwa 2022, GTLM da ya ƙare a 2021, da LMP3 da aka yi daga 2021 zuwa 2023. Tun daga 2024 rukuni huɗu suka rage: GTP, da aka farfaɗo da sunansa, LMP2, GTD Pro da GTD.

Fara da siffa, sannan launi

Raba motocin gida biyu tukuna. Wadda ka ga ta yi ƙasa-ƙasa kamar an danne ta, ɗakin direba ɗan ƙarami a tsakiya, da wani dogon faifai a tsaye daga bayan rufi zuwa fiffiken baya, wannan ƙirar tsere ce zalla, ba a sayar da irinta don hawa titi. GTP ce ko LMP2. Wadda kuwa ka gane fuskarta, ka ce ai wannan Porsche 911 ce, waccan Mustang, to GTD Pro ce ko GTD.

Daga nan sai launi. Dubi allon lamba da madubin gefe da bakin fiffiken baya. Shuɗi na LMP2 ne, ja na GTD Pro, kore na GTD. A tsakanin GTD Pro da GTD launin nan ne kaɗai madogararka, don motocin iri ɗaya ne har ƙusa. A gefen kowace mota kuma akwai allon fitila mai nuna lamba. Ba lambar motar ba ce, matsayinta ne a cikin rukuninta. Motar da ke nuna 1 tana iya zama ta talatin da wani abu a jerin gaba ɗaya, kuma ita ce ke jan ragamar tserenta.

GTP

Nan ne manyan kamfanoni ke zuba ƙarfinsu, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Yawancin motocin an gina su bisa dokar LMDh, wadda IMSA da masu shirya Le Mans suka amince da ita tare, shi ya sa mota ɗaya za ta iya yin Daytona a Janairu ta je Le Mans a Yuni. Kamfani ba ya ƙera ƙashin motar da kansa. Dole ya saya daga ɗaya cikin maƙera huɗu: Oreca, Dallara, Multimatic ko Ligier. Na'urar lantarkin da ke taimaka wa inji ita ma iri ɗaya ce ga kowa, injin lantarkin daga Bosch, akwatin giya daga Xtrac. Abin da aka bar wa kamfani shi ne injinsa da fuskar motarsa. Ma'aunin da aka ɗora dokar a kai shi ne nauyin kilo 1,030 da ƙarfin kilowat 500, wato dawaki kusan 670, idan an haɗa inji da lantarki.

Da kunne ma za ka iya raba su. Cadillac V-Series.R tana da V8 mai lita 5.5 ba turbo, ruri take yi mai kauri da ake ji a ƙirji. Porsche 963 tana da V8 mai lita 4.6 da turbo biyu, BMW M Hybrid V8 mai lita 4, Acura ARX-06 kuma ƙaramin V6 mai lita 2.4. Aston Martin Valkyrie da ta shigo a 2025 daban take: an gina ta bisa wata dokar Le Mans da ake kira LMH, V12 ce mai tsananin ƙara, babu lantarki a jikinta. Ka lura da lokacin da motar LMDh za ta bar gaban garejinta. Shiru take tashi da lantarki, sai ta ɗan gusa sannan injin ya kama da ƙarfi.

Wani abin da ke ruɗa sabon mai kallo shi ne ma'aunin makamashi da ake nunawa a allo. Ba yawan man da ke tanki kaɗai ake lissafawa ba. Akwai na'ura a kan sandunan da ke juya tayoyin baya, tana auna ƙarfin da motar ta kashe, kuma an ware wa kowace mota adadin da za ta ci tsakanin tsayawa da tsayawa, wajen megajul 900. Idan ka ga ma'aunin ya kusa sifili, dole ta shigo ko da saura mai a tanki, in ba haka ba hukunci ya hau kanta. A Daytona wannan yakan kai zagaye kusan talatin.

LMP2, GTD Pro da GTD

LMP2 ba ta da wahalar fahimta. Kusan kowa Oreca 07 yake tuƙawa, da injin Gibson V8 mai lita 4.2, babu lantarki, babu kamfanin mota a bayansu. Bambancin yana wajen direba. FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, tana raba direbobi mataki huɗu, kuma a takardar sunaye za ka ga harafi P ko G ko S ko B a gaban kowa. P da G ƙwararru ne da tuƙi ke ciyar da su, S yawanci matasa ne masu tasowa, B kuma masu sha'awa ne, sau da yawa su ne ma ke ɗaukar nauyin tawagar. Dole kowace LMP2 ta sa direban B, kuma akwai mafi ƙarancin lokacin da zai yi a kan sitiyari. Saboda haka kafin ka yi murna da tazarar da motarka ta bayar, duba ko ta riga ta sauke wannan nauyi. Tawagar da ta cika lokacin direbanta na B da wuri takan zama a baya da rana, ta dawo da ƙarfinta a ƙarshe.

GTD Pro da GTD duka motocin GT3 ne: Porsche 911 GT3 R, Ferrari 296 GT3, Corvette Z06 GT3.R, Ford Mustang GT3, BMW M4 GT3, Mercedes-AMG GT3, Lexus RC F GT3 da sauransu. GTD Pro, wanda aka fara a 2022, ya yarda a cika mota da ƙwararru. GTD kuwa sai da direban S ko B a ciki. Motocin nan suna da birkin ABS mai hana taya kullewa, abin da GTP da LMP2 ba su da shi.

Ta yaya mota mai inji a baya da mai inji a gaba za su yi gudu ɗaya? Da tsarin daidaita ƙarfi da ake kira BoP. Kafin tsere IMSA takan fitar da jadawali, ta ƙara wa wannan nauyi, ta rage wa waccan ƙarfi, ta taɓa yawan mai ko makamashi. Karanta shi kafin ka yanke wa wata tawaga hukunci, domin kilo ashirin da aka ɗora wa mota yana cin taya kuma yana bayyana a agogo.

Cunkoso, inda ake cin tsere kuma ake zubar da shi

Zagayen Daytona kilomita 5.73 ne. A cikin tsere GTP takan gama shi a wajen minti ɗaya da daƙiƙa 36, motar GT kuma ta ƙara daƙiƙa goma ko sha ɗaya a kai. Yi lissafi: duk zagaye tara zuwa goma, wato kusan kowane kwata na awa, jagoran GTP zai sake tarar da ayarin GT gaba ɗaya, haka har awa 24. Nauyin wucewa lafiya yana wuyan mai sauri, mai jinkiri kuma abin da ake so gare shi ya riƙe layinsa kada ya yi ba-zata. Matsalar takan faru ne a bakin kwana. Motar GT da ABS ɗinta tana iya jinkirta taka birki sosai, kuma a matsattsiyar kwana tazarar gudunsu ba ta da yawa, sai direban GTP ya cusa hanci a ramin da ke rufewa.

A Sebring a 2023, saura ƙasa da minti ashirin a tashi, Acura ɗaya da Porsche biyu da ke kan gaba suka shiga cikin motocin GT suna kokawar matsayi na ɗaya. Suka taɓa juna, Acura ta sauka kan ciyawa ta dawo kan hanya ba birki ba sitiyari, duka ukun suka tarwatse. Cadillac mai lamba 31 da ke ta huɗu ta ratsa ta ɗauki kofi. Don haka idan tazarar motoci biyu ta sauka daga daƙiƙa huɗu zuwa ɗaya a zagaye guda, kada ka ce ta baya ta ƙara wuta. Duba abin da ke gabansu.

Tutar rawaya da layin gareji

Idan aka yi haɗari babba, akan ɗaga rawaya a duk faɗin hanya, motar jagora, wato motar hukuma da ke shiga gaban ayari ta rage masa gudu, ta fito, a rufe layin gareji. Motocin da suka maƙale tsakanin motar jagora da jagoran rukuninsu sai a ba su izinin wucewa su zagayo. Sannan a buɗe gareji ga GTP da LMP2, zagaye na gaba ga motocin GT, a sake ba wasu izinin wucewa, a jera masu sauri a gaba kafin a saki tsere. Abu biyu ke biyo baya. Tazarar da wani ya sha wahalar tarawa ta tafi a banza, kuma motar da aka yi wa zagaye ɗaya tana iya dawo da shi. Shi ya sa a dogon tsere abin da za ka riƙa dubawa shi ne mota nawa ke zagaye ɗaya da jagora a kowane rukuni, ba daƙiƙoƙin da ke tsakaninsu ba.

A layin gareji gudu ba ya wuce kilomita 60 a awa, kuma ana zuba mai ana canja taya lokaci guda. Ba a yarda a ɗumama taya kafin a ɗaura ba, saboda haka zagayen farko bayan fitowa shi ne mafi haɗari, musamman da asubar Janairu a Daytona. Za ka ga mota ta fito tana zamewa kamar a kan sabulu, wadda ke bayanta da tayoyi masu zafi ta cim mata nan take. Akwai kuma dokar da ta hana direba yin fiye da awa huɗu cikin kowace awa shida. Wanda ya karya dokar lokacin tuƙi, ko ya gaza cika mafi ƙaranci, akan mayar da motarsa ƙarshen rukuni bayan an tashi.

Kafin ka zauna kallo, duba ko duk rukunan ne za su fito, domin ba kowane tsere ake haɗa su huɗu ba. Gajerun tsere awa biyu da minti 40 ne, na cikin gari a Long Beach da Detroit minti 100. Manyan su ne awa 24 na Daytona, awa 12 na Sebring a Maris a kan tsohon filin jirgin sama mai kankare da ke girgiza mota har ƙusoshi su kwance, awa 6 na Watkins Glen, da awa 10 na Petit Le Mans a Road Atlanta a Oktoba. Na ɗaya a kowane rukuni yana samun maki 350, na biyu 320, na uku 300, gwajin neman gurbin tashi kuma yana ba da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Buɗe shafin lokutan kai-tsaye na IMSA a waya kusa da kai, ka tace shi zuwa rukuni ɗaya, ka zaɓi mota biyu da ke kusa da juna, ka bi lokacin zagayensu da sunan wanda ke tuƙi da adadin tsayawarsu har awa guda kafin ka ƙara wani rukunin.