Yadda za ki zaɓi fandeshan daidai da baƙar fata, da man da ya dace da fuska mai maiƙo

A wajen kamu ko dina za ki ga mace ta sha kwalliya, amma fuskar ta yi toka-toka kamar an barbaɗa mata gari, wuya kuwa yana nan da launinsa na asali. Sau da yawa ba hannun mai kwalliya ba ne ya ɓata aikin. Ko dai launin fandeshan, wato shafin da ake fara ɗorawa don daidaita launin fuska, bai dace ba, ko kuma ba a shirya fatar ba kafin a ɗora shi.

Abu biyu ake dubawa a launi: duhunsa, da kuma wanda ke kwance a ƙarƙashin fata. Mata biyu za su iya zama wankan tarwaɗa, duhunsu ɗaya, amma fatar ɗaya ta karkata zuwa ja, ta ɗayar zuwa ruwan ɗorawa. Idan mai ja ta shafa na ruwan ɗorawa sai ta yi fari-fat kamar mara lafiya. Idan aka yi akasin haka fuska ta koma ruwan goro. Dabarar duba jijiyar hannu da ake yawan faɗa ba ta cika aiki a fata mai duhu ba, don jijiyar ba ta fitowa sosai. Gara ki wanke fuska, ki kara farin mayafi a gefen kunci cikin hasken rana, ki ga wane launi ne ya taso. Ki san lambobin kamfani kuma. A wajen MAC, NC na masu ruwan ɗorawa ne, NW na masu ja, lamba tana hawa duhu yana ƙaruwa, shi ya sa NC45 da NW45 ba abu ɗaya ba ne ko kusa. A Maybelline Fit Me, 330 ya fi 355 da 360 haske. Tun da Fenty Beauty ta fito da launi 40 a 2017 kamfanoni da dama suka faɗaɗa ɓangaren masu duhu, ga kuma na gida irin Zaron da House of Tara da aka yi su domin fatarmu. Yanzu babu dalilin karɓar “wannan ma zai shiga da ke” daga bakin mai shago.

Wajen gwaji, kada ki shafa a bayan hannu, don launinsa daban yake da na fuska. Ki zaɓi uku mafi kusa, ki ja layi uku daga kunci zuwa muƙamuƙi. Sannan ki fita daga shagon. Fitilun cikin rumfunan Sabon Gari da na manyan kantuna irin Ado Bayero Mall suna canza launi, hasken rana ne alƙali. Ki jira minti 15 zuwa 20, domin fandeshan da yawa suna ƙara duhu ko ja bayan sun haɗu da iska da maiƙon fata, kuma mai maiƙo ta fi kowa gamuwa da wannan. Layin da ya ɓace ki ka neme shi ki ka rasa, shi ne naki. Kada ki ɗauki wanda ya fi ki haske da nufin ki ƙara fari. Toka zai ba ki. Haske a ƙarƙashin ido da karan hanci aikin konsila ne, wato shafin da ake rufe tabo da shi, wanda ya fi launinki haske da mataki ɗaya ko biyu, ba fiye ba.

Yawancin baƙar fata ba launi ɗaya ba ce: goshi da kewayen baki sun fi tsakiyar fuska duhu. Idan da hali ki ajiye kwalba biyu, ki riƙa haɗawa. Tabon ƙuraje da baƙin ƙasan ido kuma ki fara ɗiga musu konsila mai ruwan lemo siriri, kafin fandeshan, in ba haka ba tabon zai leƙo ruwan toka. Amarya ta yi gwajinta bayan an gama dilka da halawa, ba kafin nan ba.

Saura batun maiƙo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a daina shafa mai gaba ɗaya, a yi ta dirzar fuska da sabulu mai ƙarfi sau huɗu ko biyar a yini. Maiƙo daban, ruwan cikin fata daban. Fuska na iya yin ƙyalli a goshi alhali tana ɗaurewa tana saɓa a kumatu, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar Kano ke bushewa ƙarau. Fandeshan a kan irin wannan fata tsattsagewa yake yi. Sabulu sau biyu ya isa, safe da dare. Ruwan alwala kaɗai ba ya buƙatar ƙarin sabulu.

Ki nemi mai mara nauyi, mai kama da jel ko ruwa-ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa oil-free, wato babu maiƙo a cikinsa, ko non-comedogenic, wato ba ya toshe ƙofofin fata. A cikin sinadaransa ki duba gilisarin ko asid ɗin hayaluronik masu riƙe ruwa, da niyasinamaid kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, wanda ke rage ƙyalli yana kuma taimaka wa tabo. Man kwakwa yana toshe kofofin fuska ga mutane da yawa. Man kaɗanya da basilin ki bar wa ƙafa da gwiwar hannu da leɓe, sun yi wa fuska mai maiƙo nauyi a ƙarƙashin kwalliya. Yawan da za ki shafa kamar ƙwayar wake, a kan fata mai ɗan damshi, sannan ki ba shi minti biyar ya shige. Idan kin yi gaggawa za ki ga yana murtsukewa kamar dattin jiki. Da bazara, a Afrilu da Mayu da zafi ke kai maki 40, jel kaɗai ya wadatar. Da hunturu ki ƙara shafa na biyu a kumatu kawai.

Hoda ki danna ta da soso a goshi, hanci da haɓa, kada ki goga. Farar hoda mai yawan sinadarin silika tana mayar da hasken filashin kyamara, ita ce ke sa fuska fari fat a hoton biki, don haka ki ɗauki hoto da filashi a gida kafin ki fita. Idan maiƙo ya taso da rana, ki fara tsane shi da tishu kafin ki ƙara hoda, don hoda a kan maiƙo laka take zama.

Kowane mai za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ki kuma guji haɗin da ake ɗurawa a roba babu suna. Irinsu kan zo da sinadaran bilicin, su sirantar da fata, su haskaka fuska su bar wuya da kunne, har a rasa launin fandeshan da zai haɗa su.