Yadda nake nuna wa yara tafiyar taurari a Garwa

Ka fara da Kaza da 'Ya'yanta, don ba ta ɓace wa yaro: 'yan taurari ne a cure wuri ɗaya, mai kaifin ido ya ƙirga shida ko bakwai. A nan Garwa, a arewacin Kamaru, cikin Nuwamba, bayan magariba take ɗagowa ta gabas, ta ɗan karkata arewa. Nemi daren da babu farin wata. In kuma an ɗauke wuta, ta faɗi gasassa. Waya ta koma aljihu, domin sai ido ya yi kamar minti 20 kafin ya saba da duhu.

Wurin zama shi ne kan gaba. Ni turmi nake kifawa a tsakar gida, yaro ya hau kai, kuma ba mai gusar da shi. Daga nan ya faɗi inda Kazar take, ko daidai kan katanga ko ƙarƙashin reshen darbejiya, ya zana da gawayi a kwali. Ku tafi isha'i, a ci tuwo, bayan awa ɗaya ya koma kan turmin. Kada ka riga shi magana. Bari shi da kansa ya ce, "Baba, ta hau sama!"

Sai awo. Ya miƙe hannu ya dunƙule: dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne, taurarin kuwa suna cin kusan dunƙule ɗaya da rabi a awa. Yanzu ne za ka gaya masa duniyarmu ce ke juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 15 kowace awa, kamar yadda mai tafiya Marwa a mota yake ganin itatuwa na gudu baya.

Tauraron arewa kaɗai za su ga bai gusa ba, sai dai nemansa aiki ne a wajenmu. Tsayinsa digiri 9 ne kacal daga ƙasa, ba shi da haske sosai, hazon hunturu kuma yakan rufe shi. Gara ku fita fili.

Manyan yara su ajiye kwalin. Kullum taurari suna riga fitowarsu ta jiya da kusan minti 4, wato awa 2 a wata, saboda zagayen da duniya ke yi wa rana. Su riƙa hawa turmin da ƙarfe takwas kowane mako. Zuwa Afrilu sai sun juya baya sun nemi Kazar can yamma, a Mayu kuma hasken rana ya ɓoye ta.