Yadda nas za ta gane mai jegon da hankalinta ya fara gushewa, ta kuma shawo kan danginta

Yawancin masu jegon da ake kawo mana da sunan "shafar iska" sai an gaji a gida tukuna. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an kira mai ruƙiyya, ga shi kwana huɗu ba ta runtsa ba. Mai rakiyar, uwa ko gwaggo, ta riga ta yanke cewa a banɗaki aka shafe ta wajen wankan jego. Ga yadda nake bi da su, haka kuma nake koya wa ɗalibai.

Da farko, kada ki yi musu. Ki gaida mai rakiya yadda ya dace: "Mama, sannu da ɗawainiya, ya mai jiki?" Sai ki tambaya me suka gani, yaushe ya fara, me aka ba ta. In ta ce iska ce, ki ce Allah ya sawwaƙe, ki ci gaba da tambaya. Da zarar ta hangi raini a fuskarki, ba za ta faɗi jiƙon da aka ɗura wa yarinyar ba, ke kuwa dole ki sani kafin likita ya rubuta magani.

Na biyu, ki duba jiki kafin ki ce ƙwaƙwalwa ce. Ki auna zafin jiki, hawan jini da sukari, ki duba ko jinin biƙi yana wari. Ruɓewar mahaifa da zazzaɓin cizon sauro suna sa sambatu, jijjiga ma tana zuwa bayan haihuwa. In ƙafa ta kumbura tana haki, ki tambayi kunun kanwa da wankan ruwan zafi, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego.

Na uku, ki raba kunya da ciwo. Nan ne sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe. Yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa gaban surukai, kanta a sunkuye, amsarta ba ta wuce "ba komai". Wannan tarbiyya ce, kada ki rubuta a kati cewa ta ƙi ɗanta. Ki sallami kowa cikin ladabi, ki ja labule, ki zauna a bakin gado kina lura. Mai kunya, da ɗaki ya yi shiru, za ki ga ta ɗaga gefen zani ta leƙa fuskarsa, ta gyara masa hula, ta ba shi nono ba a ce mata ba. Wadda ciwo ya kama kuwa, yaro zai yi ta tsala kuka a gefenta ita idonta na kan bango, ko ta ƙanƙame shi tana cewa za a sace shi.

Kada ki jira ta ce tana cikin damuwa, matanmu ba haka suke faɗa ba. Za ta ce kanta ya ɗau zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinta. Ki tambaye ta a hankali: "In yaro ya yi barci, ke kina samu? Zuciyarki na raya miki abin da ke ba ki tsoro?" Ki tambaya kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ko jaririn. Tambayar ba ta jefa wa kowa wannan tunani.

Na huɗu, ki tantance wane iri ne. Kuka da saurin fushi a kwana na 3 zuwa na 5 yakan wuce da kansa kafin sati biyu. In baƙin ciki ya zarce haka, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma ma'aunin Edinburgh, wato takarda mai tambaya 10 da ake auna damuwar masu jego da ita, zai taimaka miki. Gushewar hankali kuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a sati biyun farko: rashin barci, jin muryoyi, zargin mutane. Wannan gaggawa ce. Ki kira likita nan take, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Na biyar, ki ƙulla yarjejeniya da dangi, a kira mijin, tunda izini da kuɗin magani a hannunsa suke. Nakan tuna musu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Addu'a da tofi su ci gaba, har a bakin gadon asibiti. Amma ba duka, ba ɗauri da sarƙa, ba hayaƙi kusa da jariri, ba kuma dakatar da magani don an ga sauƙi. Tafiya da dangi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya riƙa zaunar da majinyata tare da 'yan uwansu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma ta kare mutuncin majinyaci. Don Allah kada kalmar "mahaukaciya" ta fito daga bakinki, ko a ɗakin hutun ma'aikata, domin suna ne da kan bi mace har ya kashe mata aure.

In za a tura ta gaba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Ki rubuta abin da ya faru a katinta, ki gaya wa mijin da uwar cewa ciwon na iya dawowa a haihuwa ta gaba, saboda haka ranar da ta fara zuwa awo a sanar da ungozoma.