Matakan Zaɓen Batir Mai Caji da Cajar da Ta Dace da Shi

Da farko, buɗe mazaunin batir na na'urar, ko rimot ce ko tocila ko rediyo, ka karanta girman da aka rubuta a ciki; galibi AA ne ko AAA.

Na biyu, kuma nan ne ya fi buƙatar natsuwa, zaɓi nau'in batir mai caji da ake kira NiMH, wanda ƙarfinsa volt 1.2 ne, kuma yawancin na'urorin da aka ƙera domin batir na yau da kullum mai volt 1.5 suna aiki da shi lafiya lau. Ka yi hattara da batirin lithiyom mai lamba 14500, domin girmansa ɗaya da AA, amma volt 3.7 yake bayarwa, wanda zai iya ƙona na'urar da ba a ƙera dominsa ba.

Na uku, duba lambar mAh, wadda ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka. AA na ƙwarai yakan kai 1900 zuwa 2500, kuma duk wanda lambarsa ta zarce haka nesa ba kusa ba, a ganina abin shakka ne. Domin rimot da agogon bango, batirin da ke riƙe caji tsawon watanni a ajiye ya fi mai babbar lamba amfani.

Na huɗu, nemi cajar da ke lura da kowane batir daban, kuma take yanke wuta da kanta idan ya cika, saboda caji fiye da ƙima yana zafafa batir, ya rage masa kwana.

Kada ka saka batirin da ba na caji ba a cikin caja, domin yana iya tsiyaya ko fashewa, kuma kada ka haɗa tsoho da sabo a na'ura ɗaya.