Yadda Dillalin Intanet Zai Tara Masu Karɓar Saƙonsa na Imel

Idan kana tallata kayan wani kamfani daga nan Katsina domin samun la'ada, nemi adireshin imel daga bakin mai shi da yardarsa, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba shi ikon janye yardar. Sayen adireshi asara ce. Gara ka jawo mutum da abin amfani, kamar taƙaitaccen bayanin zaɓen batirin sola, wanda masu shaguna ke matuƙar buƙata.

Karanta sharuɗɗan manhajar aikawa tukuna, domin Mailchimp, ɗaya daga cikin manhajojin aika imel ga mutane da yawa, ta taƙaita irin wannan talla na la'ada. Aika saƙo mako-mako, ka bayyana cewa kana da la'ada, sannan ka cire waɗanda suka daina buɗewa, don kada Gmail ta riƙa jefa saƙonninka cikin akwatin saƙonnin banza, wato spam.