Yadda zaka shiga ƙungiyar taimakon al'umma ta unguwarku maimakon zaman jiran Abuja

Duk mai sauraron labarai ya san yadda abubuwa ke tsayawa cak a ƙasar nan. Kasafin kuɗin 2018 tun watan Nuwamban 2017 Buhari ya kai shi majalisa amma sai 20 ga Yunin 2018 aka sa masa hannu, rabin shekara ta tafi ana ja-in-ja da majalisar su Saraki da Dogara. Dokar man fetur tun 2008 take yawo a majalisa sai Agustan 2021 ta zama doka. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas cur ƙannenmu na zaune a gida, daga Fabrairu har Oktoba. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da yace a dinga tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, shekara ta zagayo ana ta jan ƙafa. Toh a duk tsawon wannan lokacin kwatar ƙofar gida cika take, rufin firamare yoyo yake, mai naƙuda kuma haihuwa take a ɗakin da ba wuta.

Ni dai abin da ya tashe ni daga zaman majalisar mai shayi bohol ɗin layinmu ne. Famfon ya mutu, yara ƙanana suna tafiya har tsallaken titi da jarkoki, rannan da asuba naga wata yarinya da bata wuce shekara bakwai ba ta ɗauko jarka ta fi ƙarfinta tana ajiyewa tana hutawa ga motoci na wucewa da gudu, wallahi ranar na kasa karyawa. Ashe akwai ƙungiyar ci gaban unguwa da ke zama duk ƙarshen wata a harabar makaranta ban taɓa leƙawa ba. Ga abin da na koya tun daga lokacin.

Da farko kar ka kafa sabuwar ƙungiya. Wannan shine kuskuren da matasa suka fi yi, a buɗe guruf a WhatsApp a zaɓi ciyaman da sakatare a buga riga, bayan wata uku shiru. Nemi waɗanda suka riga ka. Je wajen mai unguwa ka gaishe shi yadda ya kamata kace ranka ya daɗe ina son a nuna min masu aikin gayya a unguwar nan, tambayi liman, tambayi hedimasta. Kusan kowace firamare ta gwamnati tana da kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda iyaye da mutanen gari ke ciki, kowace mazaɓa ya kamata tana da kwamitin ci gaban mazaɓa, WDC, da ke sa ido kan ƙaramin asibiti. Akwai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, akwai Red Cross, mata kuma akwai FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da aka kafa a Minna tun 1985 tana da rassa a jihohi da makarantu da asibitoci. Ga masu gyaran maƙabarta da masu kula da marayu waɗanda ba ko allon suna amma suna aiki shekara da shekaru.

Na biyu, ka je zama sau biyu ko uku ka yi shiru ka saurara. Ka lura wa ke magana wa ke aiki, don ba lallai su zama mutum ɗaya ba.

Sai maganar kuɗi, kuma anan zan daɗe don nan ne ƙungiyoyi suke mutuwa. Kafin ka saka ko naira ɗari ka tambaya cikin ladabi, asusun banki da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi? Ana karanta shige da fice a gaban kowa? In ma'aji ya ɓata rai don ka tambaya toh ka samu amsa, ka nemi wata. Ƙungiya ta gari littafi take da shi, ko da na 'yan makaranta ne mai layi, kowa da sunansa da abin da ya bayar da kwanan wata, rasit ɗin siminti da na mai gyara a maƙale a ciki. Mu da muka zo gyaran bohol a jikin bangon masallaci muka liƙa lissafin, abin da aka tara da abin da mai gyara ya karɓa da canjin da ya rage, kuma daga ranar ne mutanen da suka ƙi bayarwa da farko suka fara kawowa da kansu, har wata dattijuwa mai ƙosai ta aiko jikanta da kuɗi a ƙulle a leda tace a rubuta sunanta. In ƙungiyar ta girma har kuna son karɓar tallafi daga waje sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ana buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram. Amma yashe kwata kafin damina baya buƙatar ko ɗaya daga ciki, shebur da baro da mutane goma sun isa.

Na huɗu ka ɗauki aiki guda ɗaya tak wanda ka iya. In kana da hannu a kwamfuta kai ne mai rubuta wasiƙa da ajiye lissafi, in ke malamar jinya ce awa biyu ranar Asabar kina auna hawan jini ba ƙaramin abu bane, mai Keke Napep zai iya cewa duk mai naƙuda cikin dare a kira shi. Faɗi abin da zaka iya cikawa kawai, gara awa biyu duk sati shekara guda da ka zo da zafi ka ɓace.

Na biyar ku yi hattara da 'yan siyasa, musamman in zaɓe ya matso. Zasu zo da buhun shinkafa da alƙawari, in ɗan takara ya bada gudummawa a karɓa a rubuta a littafi kamar ta kowa a yi masa godiya, amma kar a liƙa fastarsa a jikin aikin kuma kar shugaban ƙungiya ya hau mumbarin kamfen da sunanku. Ranar da aka ce ƙungiyar ta jam'iyya kaza ce rabin unguwa sun fita, kaga rikicin da muke kuka da shi a sama mun shigo da shi layinmu da hannunmu.

Kuma dan Allah kar a fahimce ni cewa mun yafe wa gwamnati aikinta, a'a, karo-karo baya gina asibiti. Amfanin ƙungiya shine ku ƙwanƙwasa ƙofa da murya ɗaya da takarda a hannu. Ku tuna Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a jihar tun 2010, gwamnatin tarayya tayi alƙawarin kuɗin tsaftace garin aka yi ta jira, sai da matasa irinsu Hamzat Lawal na Follow The Money, masu bibiyar kuɗin gwamnati, da sauran ƙungiyoyi suka matsa lamba sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Ku shiga shafin intanet na Tracka, na ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi, ku duba ayyukan mazaɓu da aka saka wa yankinku a kasafi, in an rubuta ajujuwa biyu a garinku baku ga ko bulo ba ku ɗauki hoton filin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarku. Ku rubuta wasiƙa kwafi biyu da sa hannun shugaba da sakatare, ku kai ofishin da hannu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinku ku dawo dashi cikin fayil, in kwanakin sun cika ba amsa ku koma ku uku ko huɗu har da dattijo guda, ku tafi da kwafin mai hatimi.