Ba kowace tafiya ce "walk" ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon Turanci. Jiya ƙanwata ta nuna min insha'in da ta rubuta, na ga "walk" har sau 7 a shafi ɗaya, shi ya sa na ce bari in kawo muku wannan.

Mu ma a Hausa ai tattaki daban, yawo daban, taƙama daban. In ka fita shan iska bayan la'asar, babu inda kake sauri, "stroll" ce kalmarka: "We strolled to the market." Ita nake so ku fara riƙewa, domin ba ta ɗauke da zargi ko yabo. Daga gare ta Amurkawa suka samo "stroller", keken tura jariri.

"Amble" ta fi ta sanyi, irin tafiyar dattijo mai komawa gida daga masallaci. Asalinta kalmar Latin ce, "ambulare", kuma a da tafiyar doki a hankali ake nufi da ita.

Amma don Allah ku kula da "saunter". Sau da yawa akwai isa a cikinta, kamar ɗalibin da ya makara ya shigo aji yana taƙama, ko a jikinsa. Ni ba zan yi amfani da ita a kan mahaifina ko malamina ba.

"Meander" kuwa sunan wani kogi ne mai yawan lanƙwasa a Turkiyya ta yau, don haka tafiya ce ta kewaye-kewaye. "Ramble" a Ingila yawon ƙafa ne a karkara, amma in aka ce mai jawabi yana "rambling", to ya saki zance ya kama surutu.